Kwandon Baragurbin Masniah

Masniah ta sa ƙafa ɗaya cikin kwalekwale ke nan, kwando a kwankwaso, sai ta ji muryar yayanta Jumberi daga saman gadar katako.

"Niah, sauko da kwandon nan. Tafiyar nan ba alheri a cikinta."

Ba ta waiwaya ba. Ta zauna, ta ajiye kwandon tsakanin ƙafafunta, ta gyara tsumman da ta rufe shi da shi. Matan da ke cikin kwalekwalen tuni sun fara toshe hanci da bakin gyale.

"An faɗa a lasifikar masallaci, duk wanda aka daɗe da ɗauke masa wuta za a ba shi diyya," ta ce. "Kai ka yi gum kamar ba ka ji ba. To, bari in je in ji da kunnena."

"Abin da aka bayar ba kuɗi ba ne."

"Ba kuɗi ba ne! To ganye ne, Yaya?"

Jumberi ya sauko mataki biyu, yana dafa gwiwarsa mai ciwo, ya rage murya. "Wayar nan taki, ba abin kai wa ofis ba ce."

"Wayar me? Sata na yi? Ta cikin mitarka take bi, kuma duk sayen kati ina ba ka kasona har da ƙari. Wanda ke da abin ɓoyewa shi ya sani."

Ta ga maganar ta same shi, kuma ba ta janye ba. Mai kwalekwale ya ja igiyar inji, ƙara ta cika wurin, sauran abin da Jumberi ya faɗa ya bi iska.

Mu nan Baruh Panjang gidajenmu a kan turaku suke bisa ruwan fadama, gadar katako ce titinmu. Falwayar wuta ta ƙarshe a ƙofar Jumberi ta tsaya, gidan Masniah kuwa yana can gaba, inda kamfani ya ce ba ya kaiwa. Marigayi Saberan, mijinta, shi ya ja waya daga bayan mitar Jumberi da rana tsaka, maƙwabta na riƙe masa gora, aka dafa shayi aka sha. Da wannan waya take kunna fitilun da ke ɗumama akwatunanta na ƙyanƙyasar ƙwan agwagwa. Da ita ta aurar da 'yarta, da ita ta yi wa Saberan sadakokinsa.

Sana'ar kuwa ba ƙwai kaɗai take ci ba, har da magana. Ɗan agwagwa na kwana ɗaya, ido ba ya gane mace da namiji, masu kiwo kuma mata suke so don ƙwai. Sai wanda ya iya ya ɗauka ya saurari kukansa ya ware. Mai saye ba shi da abin riƙewa sai bakin mai sayarwa, don sai bayan watanni zai gane ko an cuce shi. A kasuwar nan tamu, in Masniah ta ce mata ne, ba wanda ke sake dubawa. Mutane na tsallake rumfuna su zo wurinta ko da nata ya fi tsada.

Sai ga iskar nan da ta kayar da manyan turakun ƙarfe na wuta a hanyar kudu. Wuta ta tafi kwana da kwanaki. Masniah ta koma dabarar mahaifiyarta, ta binne ƙwai cikin ƙaiƙayin shinkafa, amma dabarar nan rana take so, ga shi sama ta ƙi buɗewa. Ta dinga tafasa ruwa tana cika kwalabe tana jerawa, har fatar hannunta ta saluɓe. Hannu biyu ne da ita, akwati huɗu. Uku suka huce. Ɗaya kawai ta tsirar, wanda in ta haska ƙwansa har yanzu tana ganin abu na motsi a ciki, saura ƙiris ya fara fasawa. Awarwaron zinariyarta ta sayar ta sayi ƙwan nan gaba ɗaya, yanzu wannan akwati shi ne duk abin da ya rage mata. In ya sake hucewa ko na yini ɗaya ne, shi ke nan.

Shi ya sa ta ciko kwando da baragurbi. A tunaninta, wanda zai biya ɓarna ai sai ya ga ɓarnar.

Mai gadin ofishin kamfanin wuta a garin Amuntai ya hango ta ya taso da fara'a, da ta matso kuma fara'ar ta gudu.

"Subhanallahi! Gwaggo, gawa kika ɗauko mana?"

"Gawa ce mana. Ku kuka kashe."

Ya so ta bar kwandon a waje, ta ce inda ta sa ƙafa nan zai sa. Haka ta shiga ɗakin mai sanyi, mutanen da ke kan layi suka dare mata, kowa na cewa ta wuce gaba don Allah. Ba a taɓa yi mata irin wannan karamci a ofis ba.

Yarinyar da ke bayan gilashi ta daure, ta gaishe ta da ladabi, ta tambayi lambar mita. Masniah ta karanto mata da ka. Yarinyar ta danna, ta duba.

"Jumberi. Maigidanki ne, Gwaggo?"

"Yayana ne."

"To ai an riga an ba shi. Ba kuɗi ake bayarwa a hannu ba. In mutum ya sayi kati, sai a haɗo masa da wata lamba ta biyu, ta ƙarin wuta. Ya karɓa tun makon jiya."

"Ƙarin wuta," in ji Masniah. "Ta nawa?"

Yarinyar ta faɗa. Masniah ta ce ta sake faɗa. Kuɗin bai kai na ƙwan da ke saman kwandon ba, balle na ƙasa. Ba ta san wanda ya fi ba ta haushi ba, kamfanin da ya auna asararta da wannan, ko yayanta da ya karɓi ko da wannan ɗin ne ya yi shiru.

"'Yar nan, ƙwaina fa? Akwati uku?"

"Awannin da aka ɗauke wuta ake lissafawa, Gwaggo. Ba a lissafa abin da ya lalace." Yarinyar ta sake duban allon. "Gida ɗaya kuke da shi?"

Masniah ta buɗe baki za ta amsa ke nan, ƙofar ciki ta buɗe, wani saurayi mai farar riga ya fito yana tambayar ko ɓera ne ya mutu a silin. Aka nuna masa kwando. Maimakon ya ja da baya, sai ya durƙusa ya ɗaga tsumman. Ya daɗe yana kallo. Wasu ƙwan sun fashe, ana ganin ɗan baki da jiƙaƙƙen gashi.

"Inna, duk naki ne?"

"Kaɗan ma ke nan, Yallaɓai."

Sunansa Hartadi, sabon shugaban sashe ne da aka turo daga tsibirin Jawa, harshensa bai gama kama maganarmu ba. Ya sa aka kawo mata kujera da ruwa. Ya ce mahaifiyarsa ma 'yar ƙaramar sana'a take yi, ya san yadda abin yake. Ya ce tun da aka fara biyan diyyar nan yake gaya wa na sama da shi cewa awanni kaɗai ba sa nuna abin da mutanen karkara suka rasa, amma ana ce masa ina shaida.

"Yau dama za mu duba layin da ya bi ta wajenku," ya ce. "Ki zo mu tafi tare. In ga akwatunan da idona, in ɗauki hoto, in tura. Ban yi miki alkawari ba, Inna, amma wallahi zan gwada."

Masniah ta ji hawaye ya taho mata. Tun mutuwar Saberan ba wanda ya durƙusa ya dubi wahalarta haka. Ta ce Allah ya yi masa albarka, Allah ya ja da ran mahaifiyarsa. A ranta kuma tana hango fuskar Jumberi in ya gan ta ta dawo da shugaba guda a kwalekwalen kamfani.

Kwalekwalen na haya ne, na Anang Sukri, wanda duk ranar kasuwa shi ke kwaso masu sayen 'ya'yan agwagwa daga ƙauyukan gabas. Mutumin kirki ne, sai dai bakinsa ba ya ajiya, abin da ya ji da safe kafin azahar ya kai ƙarshen kogi. Hartadi ya zauna can gaba yana ɗaukar hoton turaku. Masniah ta zauna baya kusa da inji saboda kwando, gefenta wani ma'aikaci mai furfura a gemu, da igiyar hawa falwaya a kafaɗa. Ya ce sunansa Bahrun.

Sun bar gari, sun shiga inda kainuwa ta rufe ruwa, sai Bahrun ya karkato.

"Gwaggo, gidan wa za mu a Baruh Panjang?"

"Ƙanwar Jumberi ce ni."

"Jumberi mai gyaran koma? Ni na sa masa mita. Yaushe ya fara ƙyanƙyasa?"

"Ba shi ba ne, ni ce. Gidana na gaba da nasa. Daga mitarsa muka ja waya."

Ta faɗa ne yadda mutum ke faɗin sunan unguwarsu. Bahrun ya dubi gaban kwalekwale, ya dubi Anang Sukri da ke fama da kainuwa, sannan ya matso har kafaɗarsa ta taɓa tata. Ƙarar inji ta rufe su.

"Gwaggo, wa ya aike ki?"

"Kamar yaya?"

"Mita ɗaya, gida ɗaya. Haka dokar take. Ko kwabo ba ki ci ba, in waya ta tsallaka zuwa wani gida, laifi ne."

"Muna biya fa! Duk abin da na ƙona mita na ƙirgawa."

"Na sani. Rabin fadamar nan haka suke, kin ga na taɓa gani? In na zo aiki ƙasa nake kallo. Amma shi wannan," ya nuna farar rigar da haɓa, "yaron kirki ne, kuma shi ne matsalar. Abin da ya ɗauka a wayarsa kai tsaye yake tafiya babban ofis. Ko ya so ya rufa miki asiri, hoton ya riga shi isa. Zai ɗauki akwati, zai ɗauki fitila, sai a tambaye shi ina wutar ta fito."

"Sai me?"

"Sai in hau in yanke, yau ɗin nan, da hannuna. A cire mitar Jumberi sai ya biya tara. Tarar kuwa, ko ya sayar da kwalekwalensa ban ce ta isa ba. Kuma in an fara da gidanku ba a nan za a tsaya ba."

Masniah ta dubi kwandonta. Ta tuna fitilun nan da ta bari a kunne, da ƙwan da ta kara a kunne da asuba ta ji ɗan ƙwanƙwasa a ciki. Ta tuna Jumberi a kan mataki yana rage murya, da abin da ta jefa masa a gaban mata. Kunya ta kama ta, tsoro kuma ya fi kunyar.

"In na ce masa na fasa fa?"

"Ba zai fasa ba. Tausayinki ya kama shi. Zai ce kunya kike ji."

Gaskiya ne, ta gani a fuskarsa tun a ofis. In ta ce za ta ɓatar da su a hanya, Anang Sukri ya san fadamar nan fiye da ita. In ta ce gidan ba kowa, ai ga ta. Can gaba hasumiyar masallacinsu ta fara leƙowa ta saman itatuwa. Hartadi ya waiwayo yana murmushi, ya nuna da yatsa, yana tambaya ko nan ne.

"Anang, kashe injin nan," ta ce.

"Mun kusa ai, Gwaggo."

"Ka kashe na ce."

Injin ya yi tari ya mutu. Shiru ya sauko, sai ruwa na bugun katako. Masniah ta riƙe bakin kwandon da hannu biyu.

"Yallaɓai, kada ka wahalar da kanka. Ba akwatin da za ka gani."

"Ban gane ba, Inna."

"Ba ni da akwati. Ba na ƙyanƙyasa, na daɗe da bari. Ƙwan nan a bayan kasuwa na tsince su, inda ake zubarwa. Na ji ana raba kuɗi ne, na ce bari in gwada sa'ata."

Anang Sukri ya saki baki. "Gwaggo Masniah! Ke da duk mako..."

"Saro su nake yi a wurin wasu in ce nawa ne," ta katse shi, ba ta dube shi ba. "Kai me ka sani?"

Wannan ba ta shirya faɗarsa ba, amma ƙarya in ta fito sai an yi mata ƙafa. Ta ga maganar ta shiga kunnen Anang ta zauna daram.

Hartadi ya sauke wayarsa a hankali. Bai yi tsawa ba, da ma ya yi. Fuskarsa ce kawai ta canza, ta koma ta ɗan yaron da aka mara ba laifi.

"Hannunki fa?" ya ce. "Na ga ƙuna."

"Girki ne."

"Inna, na yarda da ke. Na riga na kira na sama da ni na ce yau zan kawo musu shaida." Ya dubi ruwa. "Kin san saboda irin wannan ne in masu gaskiya suka zo ba a sauraronsu?"

"Na sani, Yallaɓai. Ka yafe ni."

Wannan kaɗai ne gaskiya a duk abin da ta faɗa, kuma da zuciya ɗaya ta faɗe shi. Bahrun ya sunkuyar da kai yana murza igiyarsa.

"Sauke ta a matsaya ta farko," in ji Hartadi. "Mu wuce layin gabas. Ba abin da zan yi a ƙauyen nan."

A matsayar masallaci aka sauke ta, inda mata ke wanki. Anang Sukri ya miƙo mata kwandon da hannu ɗaya, bai ce a sauka lafiya ba. Tun injin bai tashi ba ta ga ya karkata wajen wata mai wanki, 'yar garinsu. Ta san kafin ranar kasuwa babu mai kiwon da bai ji ba, daga nan har ƙarshen kogi: Masniah da bakinta ta ce saro su take yi, Masniah ta je ofis da ƙwan bola. Kowa zai zauna ya tuna wani namiji ɗaya da ya taɓa fitowa cikin garkensa.

Ta juye kwandon a bayan masallaci inda kifi ke taruwa, ta ɗauraye shi, ta hau gada. Ta wuce falwaya ta ƙarshe. Daga nan sai siririyar wayar Saberan, tana bin gorar da ya kafa, wani wuri an ɗaure ta da tsumma. Shekara da shekaru tana bi ta ƙarƙashinta, yau ne ta fara ɗaga kai ta dube ta.

Ƙofarta a buɗe take. Jumberi na zaune a ƙasa gaban akwatin, ƙafar mai ciwo a miƙe, yana juya ƙwai ɗaya bayan ɗaya da manyan yatsunsa, don lokacin juyi ya yi ba ta nan. Fitilun na ci. Ɗumi da warin ƙaiƙayi suka tare ta a bakin ƙofa.

Bai ɗago ba. "Kin jiyo da kunnenki?"

"Na jiyo."

"Ranar da aka dawo da wuta mita na kuka, saura kaɗan ta mutu. Abin da ke aljihuna ƙaramin kati kawai ya saya. Sai na ga lamba ta biyu a ƙasa, na danna." Ya nuna fitilun da haɓa. "Ga diyyarki nan tana ci. Na rasa bakin da zan ce miki akwati uku wannan aka ba ki."

Masniah ta durƙusa gefensa. Ta so ta ce ya yafe mata, sai idonta ya faɗa kan ƙwan. Ta sa hannu ta ɗauki ƙwai ɗaya daga kusurwa, sai ta ga ya tsage, ɗan baki rawaya na turo ɓawon daga ciki.

"Sun fara," in ji Jumberi. "Za su kai kasuwar mako mai zuwa."

"Za su kai." Ta mayar da ƙwan wurinsa a hankali. "Kai za ka kai su, Yaya."

"Ni? Ni da ban san mace da namiji ba?"

"Zan ware maka tun a gida. Kai dai ka ce musu mata ne."

"Ke me zai hana ki faɗa da bakinki?"

Ta ɗauki wani ƙwan ta juya. Jumberi ya ɗago ya dube ta, ya dubi kwandon da ke ɗigar ruwa a bakin ƙofa, ya daɗe. Sannan ya matsa mata wuri, suka ci gaba da juya sauran.